Wanda Ya Ƙi Biyan Kuɗin Zubar da Ciki, Ya Biya Na Haihuwa

Tun daga 1976, duk shekarar da majalisar dokokin Amurka za ta amince da kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya, sai ta liƙa masa wani ɗan sharaɗi da bai wuce 'yan layuka ba, cewa kada a taɓa kuɗin gwamnatin tarayya wajen biyan zubar da ciki. Ana kiran sharaɗin da sunan wanda ya fara kawo shi, Henry Hyde, ɗan majalisar wakilai daga jihar Illinois, ɗan jam'iyyar Rifablikan kuma mabiyin ɗariƙar Katolika. Ba dawwamammiyar doka ba ce, sabunta shi ake yi kowace shekara, amma ga shi ya kai kimanin shekara 50. Shugabanni na jam'iyyun biyu sun hau sun sauka, shi yana nan.

Ina goyon bayan asalin wannan sharaɗi, gara in faɗa tun yanzu. Abin da ba na goyon baya shi ne yadda aka mayar da shi makamin da ake toshe wa talaka hanyar asibiti da shi, a can Amurka da kuma nan wajenmu, domin rigimar ta daɗe da tsallako teku.

Sai an fahimci yadda Ba'amurke ke ganin likita kafin a gane zafin maganar. Amurka ba ta da irin tsarin Birtaniya inda gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar kowa. Yawancin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Tsofaffi suna da shirin Medicare, talakawa kuma shirin Medicaid, dukansu an kafa su a 1965 zamanin Lyndon Johnson. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin Medicaid, kuma ba ƙaramin shiri ba ne: cikin kowace haihuwa 10 a Amurka, kusan 4 shi ke biyan kuɗin asibitinsu. Da Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar a watan Janairun 1973, sai Medicaid ya fara biyan kuɗinsa kamar sauran ayyukan asibiti, har aka kai wajen 300,000 a shekara. Wannan ƙofar ce Hyde ya rufe. Aka kai ƙara, a 1980 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da alƙalai 5 a kan 4 cewa don doka ta ba mace damar yin abu, ba shi ke nuna dole gwamnati ta biya mata ba. Daga baya aka daidaita a kan keɓe yanayi uku da ake biya: idan ran uwa yana cikin haɗari, idan fyaɗe aka yi mata, ko kuma muharraminta ne ya yi mata cikin. Jihohi fiye da 15 kuwa sun zaɓi su riƙa biya daga aljihunsu, kuma sharaɗin bai hana su ba.

Dalilina na goyon baya ba mai wuyar ganewa ba ne. Haraji ba sadaka ba ce da mutum ke bayarwa in ya ga dama, karɓa ake yi, wanda ya ƙi a kai shi kotu. Ga miliyoyin Amurkawa, Kiristoci da Musulmi da Yahudawa da waɗanda ma ba su da addini, abin da ke cikin mahaifa rai ne, kuma cire shi ba tare da larura ba kisa ne. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun san tsananin da malamanmu suka yi a wannan babi, ko da yake akwai malaman wasu mazhabobi da suka sassauta kafin a busa rai idan akwai uzuri, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa idan ya zama ko uwa ko ciki, uwa ake ceta. Ka tilasta wa mai irin wannan imani ya sa guminsa cikin abin da yake gani kisa ne, ka ɗora masa nauyin da ya wuce na kuɗi.

Masu adawa suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa haraji ba ya tafiya da ra'ayin mai biya. Ba'amurken da ya tsani yaƙin Iraƙi ya biya kuɗin bama-baman da aka jefa a Bagadaza. Wanda yake ganin hukuncin kisa zalunci ne ya biya albashin mai zartar da shi. A 1982 ma wani ɗan ɗariƙar Amish ya ce addininsa bai yarda ya biya harajin fansho ba, Kotun Ƙoli ta ce sai ya biya, domin tsarin haraji ba zai tsaya ba idan kowace ɗariƙa za ta zaɓi abin da za ta ba kuɗi. To me ya sa zubar da ciki kaɗai zai fita daban? Amsata ita ce sharaɗin Hyde bai ce wa kowa ya riƙe harajinsa ba. Wakilan jama'a ne suka zauna suka ce ba za mu kashe kuɗin jama'a a kan abu kaza ba, kuma aikin majalisa ke nan a kan kasafi. Masu adawa da yaƙi ma sun taɓa bin wannan hanya: a 1973 majalisar ta hana kashe kuɗi a kan ci gaba da yaƙi a Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Wanda ya yaba wa waccan ba shi da bakin cewa wannan haramtacciyar dabara ce.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, ita ce take hana ni sakewa. Sharaɗin ba ya taɓa mai hali. Matar da ke da kuɗi za ta biya da kanta, ko ta hau jirgi ta je wata jiha. Wadda yake kamawa ita ce mai wankin kwanuka a gidan abinci, mai 'ya'ya biyu da bashin haya. Hyde da kansa bai ɓoye ba. A zauren majalisa a 1977 ya ce da yana da iko da ya hana kowace mace, mai kuɗi da matsakaiciya da matalauciya, amma hanyar da ke hannunsa ita ce kasafin Medicaid. A watan Oktoban shekarar, 'yan watanni da fara aiki da sharaɗin, wata ɗaliba 'yar shekara 27 mai suna Rosie Jimenez, uwar ƙaramar yarinya, ta mutu a garin McAllen na jihar Texas bayan ta je wurin wadda ba likita ba don ta fi arha. Ban yarda da abin da ta je yi ba, amma mutuwarta mutuwa ce, kuma wanda ya ce yana kare rai ba zai ji labarinta ya ɗaga kafaɗa ba.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin matan da da Medicaid zai biya musu da sun zubar, kusan 1 cikin 4 suna haihuwa ne saboda ba su iya haɗa kuɗin ba. Masu adawa da sharaɗin suna kawo wannan adadi a matsayin zalunci. Magoya bayansa suna kawo shi a matsayin rayukan da aka ceta, kuma ni ma haka nake ganinsa. To amma a tsaya a dubi su waye waɗannan yara. An haife su ne a gidajen da ba a iya haɗa 'yan ɗaruruwan daloli cikin gaggawa ba, wato gidaje mafi talauci a ƙasar. Gwamnatin da ta sa hannu aka haife su ta ɗauki bashi. Uwar tana bukatar awon ciki, tana bukatar likita ranar naƙuda, tana bukatar a duba hawan jininta lokacin jego, jaririn yana bukatar rigakafi da abinci. A nan ne nake auna gaskiyar ɗan siyasar da ke cewa shi mai kare rai ne, kuma a nan da yawansu suke faɗuwa.

A dubi taswira. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta buɗe hanyar faɗaɗa Medicaid ga ƙarin talakawa, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce jiha tana da zaɓin karɓa ko ƙi. Jihohi 40 sun karɓa, 10 sun ƙi, kuma cikin waɗanda suka ƙi akwai Texas da Mississippi da Alabama da Tennessee, jihohin da suka fi kowa tsananta haramcin zubar da ciki bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 a watan Yunin 2022. Texas ce ke kan gaba a yawan mutanen da ba su da inshorar lafiya. Mississippi, wadda daga can aka kai ƙarar da ta rushe tsohon hukuncin, ta daɗe tana kan gaba a mutuwar jarirai, har a 2025 hukumomin lafiyarta suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A wannan jiha, shekaru aka yi ana kai kudurin tsawaita wa mai jego inshora daga wata 2 zuwa shekara 1, shugabancin majalisar wakilan jihar yana danne shi, sai a 2023 ya wuce. Na yaba da wucewarsa, kuma Texas ma ta bi sahu. Amma abin tambaya ne a ce sai da aka matsa wa masu kare rai kafin su yarda a duba lafiyar mai jego.

Amurka ƙasa ce da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya, duk da haka mace ta fi fuskantar mutuwa wajen haihuwa a can fiye da sauran ƙasashe masu arziki. Alƙaluman hukuma na 2023 sun nuna mata kusan 19 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000, amma a tsakanin baƙaƙen fata adadin ya kai 50. Babu dokar tarayya da ta tilasta a biya mai jego albashi lokacin hutun haihuwa. Sannan a watan Yulin 2025 aka sa hannu kan dokar haraji da kasafi wadda za ta zabge fiye da dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara 10, kuma ofishin ƙididdigar kasafi na majalisar ya ce wajen mutum miliyan 10 za su rasa inshora. Kusan duk waɗanda suka kaɗa wa dokar ƙuri'a suna kiran kansu masu kare rai. Shirin da ke biyan haihuwa 4 cikin 10 suka yanka.

Akwai mutumin da ya yi ƙoƙarin riƙe abubuwan biyu a hannu ɗaya, kuma abin da ya same shi ya fi komai bayyana min inda matsalar take. Sunansa Bart Stupak, ɗan Dimokurat daga arewacin jihar Michigan, tsohon ɗan sanda, ɗan Katolika. Yana adawa da zubar da ciki da gaske, kuma yana son kowane Ba'amurke ya samu inshorar lafiya da gaske. A 2009, lokacin da ake tafka muhawara kan dokar Obama, sabuwar tambaya ta taso. Gwamnati za ta tallafa wa mutane su sayi inshora daga kamfanoni masu zaman kansu, to idan inshorar ta haɗa da zubar da ciki, ashe kuɗin haraji bai shiga ba? Stupak ya kawo gyaran da ya hana amfani da tallafin wajen sayen irin wannan inshora, kuma a watan Nuwamba majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 240 a kan 194, ciki har da 'yan Dimokurat 64. Majalisar dattawa ta ƙi. Ta bi wata dabarar da Sanata Ben Nelson na Nebraska ya yarda da ita: kamfani ya ware kuɗin zubar da ciki a asusu daban, daga aljihun mai inshora, kuma kowace jiha tana iya hana sayar da irin wannan inshora a kasuwarta.

A watan Maris na 2010 dokar gaba ɗaya ta rataya a kan ƙuri'ar Stupak da 'yan tsirarun da ke bayansa. Manyan limaman Katolika na ƙasar suka ce a yi watsi da ita, dabarar asusu biyu wasa da lissafi ne. Ƙungiyar asibitocin Katolika, ƙarƙashin Sista Carol Keehan, da shugabannin sistoci da dama, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci, suka ce a amince, domin su ne ke ganin marasa inshora a bakin ƙofar asibiti kullum. Coci ɗaya, imani ɗaya a kan rai, amma aka rabu. Daga ƙarshe Obama ya yi alkawarin sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa da ke jaddada cewa sharaɗin Hyde zai hau kan sabuwar dokar, Stupak ya ba da ƙuri'arsa, dokar ta wuce da 219 a kan 212. A daren, yana tsaye yana jawabi a zauren, wani ɗan majalisa daga Texas ya ɗaga murya da kalmar "mai kashe jarirai". Ƙungiyoyin da suka yi watanni suna yabonsa suka juya masa baya, masu goyon bayan zubar da ciki dama sun riga sun sa shi a gaba, aka riƙa yi masa barazana ta waya. Bai sake tsayawa takara ba.

Ni a ganina Stupak da sistocin nan su ne suka yi daidai. Dokar da ya ceta ta ba mutum fiye da miliyan 20 inshora, ta tilasta wa kamfanoni su haɗa da kula da mai ciki da haihuwa, ta hana su korar mace don ta taɓa yin tiyatar haihuwa. Idan manufa ita ce a rage matan da tsoron kuɗin asibiti ke tura su zubar da ciki, wannan doka ta yi aikin da dubban jawabai ba su yi ba. Amma siyasar ƙasar ba ta da wurin ajiye irinsa.

Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. 'Yan Dimokurat sun yi shekaru 40 suna zaune da sharaɗin Hyde, suna kafa dokokin lafiya da shi a ciki. A 2016 suka rubuta a manufofin jam'iyya cewa za su soke shi. A watan Yunin 2019 Joe Biden, wanda ya shafe rayuwarsa ta majalisa yana goyon bayan sharaɗin, ya sauya matsayi cikin 'yan kwanaki da aka taso masa a zaɓen fid da gwani. Daga mutum 64 da suka bi Stupak, yau 'yan Dimokurat masu irin ra'ayinsa a majalisar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Jam'iyyar da ke cewa lafiya haƙƙin kowa ce ta kori mutanen da za su iya jawo mata mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, waɗanda ke son asibiti kyauta amma ba za su lamunci a biya zubar da ciki da harajinsu ba. Ta sa duk wani shirin inshorar gwamnati ga kowa ya zama da wuyar sayarwa, domin tambayar farko da za a yi ita ce ko ya haɗa da wannan. Sakamakon ja-in-jar kuwa a bayyane yake. A 2015 dokar taimaka wa waɗanda aka yi safararsu ta maƙale makonni a majalisar dattawa kan wannan lafazi. A 2018 yarjejeniyar da sanatocin jam'iyyun biyu suka ƙulla don rage tsadar inshora ta wargaje a kansa. Kowane ɓangare ya koma gida ya gaya wa magoya bayansa cewa bai ba da kai ba, mai biyan kuɗin inshora ya ci gaba da biya da tsada.

Inda na rabu da masu kare rai gaba ɗaya shi ne hujjar da suke cewa kuɗi ba su da alama. Suna cewa ko da gwamnati ba ta biya zubar da ciki kai tsaye ba, idan ta biya wata cibiya kuɗin gwajin cutar daji ko maganin tazarar haihuwa, ta sauƙaƙe mata biyan haya da wuta, ke nan ta tallafa wa ɗayan aikin a fakaice. Da wannan hujja ake yaƙar ƙungiyar Planned Parenthood, mai cibiyoyin lafiyar mata da a wasunsu ake zubar da ciki, har dokar 2025 ta hana Medicaid biyanta kowane irin aiki na shekara guda. Hujjar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta da iyaka. Idan aka bi ta, babban asibitin da ke da sashe ɗaya mai yin aikin bai cancanci ko sisi ba, ma'aikaciyar gwamnati ma albashinta kuɗin haraji ne. Kuma an ga abin da take haifarwa. A 2011 Texas ta zabge kashi biyu cikin uku na kasafin tsarin iyali da nufin karya Planned Parenthood, cibiyoyi fiye da 80 suka rufe ko suka daina aikin, kuma yawancinsu ba na ƙungiyar ba ne. An jefi kura, aka samu akuya.

Wannan hujja ce aka yi wa fasfo ta iso Afirka. Tun 1973 wata doka mai sunan Sanata Jesse Helms ta hana kashe tallafin Amurka na ƙetare a kan zubar da ciki, don haka wannan ƙofa a rufe take tuntuni. A 1984, a wani taron yawan jama'a a birnin Meziko, gwamnatin Reagan ta ƙara wani mataki: duk ƙungiyar ƙetare da ke son tallafin Amurka sai ta sa hannu cewa ba za ta yi aikin ba, ba za ta tura mace inda ake yi ba, ba za ta nemi a sassauta dokar ƙasarta ba, ko da da kuɗin da ta samo daga wani wuri ne. Clinton ya soke a 1993, Bush ya dawo da shi a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da shi a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da shi a Janairun 2025. A 2017 ba dawo da shi kawai aka yi ba, an faɗaɗa shi daga kuɗin tsarin iyali na wajen dala miliyan 600 zuwa kusan duk tallafin lafiya, wajen dala biliyan 9, har da na zazzaɓin cizon sauro da ƙanjamau. Ma'aikaciyar jinya a ƙauyen Jigawa ko Maraɗi ba ta da ƙuri'a a Ohio, amma abin da ke cikin kabad ɗin maganinta yana iya sauyawa da sakamakon zaɓen can.

Ko tsarin ya rage zubar da ciki? Masu bincike daga jami'ar Stanford sun duba ƙasashe 26 na Afirka kudu da Sahara daga 1995 zuwa 2014, suka wallafa sakamakon a 2019. A ƙasashen da suka fi dogara da tallafin Amurka, lokacin da tsarin ke aiki, amfani da hanyoyin tazarar haihuwa na zamani ya ragu, ɗaukar ciki ya ƙaru, zubar da ciki kuma ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Dalilin a fili yake: ƙungiyoyin da suka ƙi sa hannu su ne manyan masu raba maganin tazara, da kuɗinsu ya yanke sai cikin da ba a shirya ba ya yawaita. Mai adawa da zubar da ciki tsakani da Allah ya kamata wannan sakamako ya tayar masa da hankali fiye da kowa. Ban ga ya sauya ra'ayin masu tsarin ba.

A Najeriya ma dokar ƙasa ta riga ta haramta aikin, a kundin Penal Code na Arewa da na Criminal Code na Kudu, sai don ceton ran uwa. Abin da ake bukata a asibitocinmu shi ne a tsayar wa mai ɓari jini, a wanke mata mahaifa kafin ta ruɓe, a ba mai haihuwa maganin da zai hana ta zubar da jini har ta mutu. Ƙwayar misoprostol da ake ba ungozomomi don tsayar da jinin bayan haihuwa ita ce dai wadda ake iya amfani da ita ta ɗaya hanyar. A rubuce tsarin birnin Meziko bai hana kula da mai ɓari ba, amma ƙungiyar da ke tsoron rasa tallafinta takan ja baya daga duk abin da ya yi kama da wanda aka hana, kuma mai zubar da jini ba ta da lokacin jiran lauya ya fassara yarjejeniya.

Ba zan ɗora wa Amurkawa duk nauyin ba, domin kuɗinsu ne, kuma a 2025 sun nuna suna iya janye shi gaba ɗaya lokacin da aka rushe USAID, hukumarsu ta ba da tallafi ga ƙasashen waje. Abin kunyar namu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar kaso. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mai masaukin baƙin kuwa ta shafe shekarun nan tana yawo a wajen kashi 4 zuwa 6. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Mu ba mu da muhawarar ko gwamnati ta biya zubar da ciki, babu mai neman haka. Amma muna da irin halin da na zarga a Texas da Mississippi: murya mai ƙarfi wajen tsine wa yarinyar da ta mutu a bayan shagon mai kemis, shiru kuma idan matar aure ta mutu da jijjiga a hanyar asibiti, ko mijinta yana waje yana neman kuɗin leda biyu na jini.

An ɗan motsa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, sannan a 2025 majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafi don cike giɓin da janyewar Amurka ta bari. Sanarwa daban, sakin kuɗi daban. Ina so malaman da ke hawa mumbari su yi wa'azi a kan alfarmar abin da ke cikin mahaifa su riƙa tambayar gwamnonin jihohinsu, da sunan wannan alfarmar, nawa aka rubuta wa asibitocin haihuwa bana, nawa aka saki, kuma ungozoma nawa ke kwana a bakin aiki a ƙaramar hukumarsu.